An Saƙa wa Dutse Riga: Abin Ɗauka da Abin Bari ga Masu Kwarashin Dingaya

A ƙasashen Turai da Amurka da Kanada akwai wata ƙaramar sana'ar hannu da ta samu karɓuwa a shekarun baya-bayan nan, wadda idan aka ba Bahaushe labarinta zai ɗauka zolayarsa ake yi. Mace ce za ta je bakin kogi ko gaɓar teku ta tsinto dutse mai santsi wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, ta wanke shi, ta ɗauko siririn zare da kwarashi ta saƙa masa riga mai huda-huda kamar leshi, ta tsuke ta a jikinsa tam. Daga nan sai a ɗora shi a tebur don danne takardu, ko a jera a bakin taga don ado, ko a raba wa mahalarta biki a matsayin tsaraba. Kuma kuɗi ake sawa a saya.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa: ƙoshi ne. Wanda ya ci ya yi hani'an shi ke da sukunin yi wa dutse sutura, a daidai lokacin da mu muke fama da suturar yara. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, domin dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Sai dai idan muka tsaya a dariya kawai, za mu yi asarar darasi. Yaya aka yi dutsen da ba a kashe masa ko kwabo ba, da zaren da bai kai rabin dunƙule ba, suka zama haja mai daraja a can, alhali a nan mace kan shafe kwana biyu tana saƙa kayan sanyin jariri, a zo a taya a wulaƙance? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma zan kafa misalina da Dingaya, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, yankin da Allah ya wadata da duwatsu da kuma mata masu aikin hannu.

Bari mu fara da yadda ake aikin, don kada mu yi ta magana a kan abin da ba mu gani ba. Mai saƙa takan zaɓi dutse mai faɗi wanda ruwa ya goge, marar kaifi, domin kaifi yana cin zare. Takan yi amfani da zaren auduga siriri mai ƙarfi da kwarashin ƙarfe ƙarami, wanda kaurin bakinsa bai wuce milimita 1.5 zuwa 2 ba. Zaren ulu mai gashi bai dace ba, don yana saki kuma yana ɓoye zanen. Za ta fara da 'yar sarƙa gajera ta haɗe bakinta ta zama zobe, sannan ta riƙa zagayawa tana ƙara ɗauri a kowane zagaye, har saƙar ta yi faɗin fuskar dutsen. A nan za ta daina ƙari, ta yi zagaye ɗaya ko biyu a miƙe don saƙar ta sauka gefe. Sai ta saka dutsen a ciki ta ci gaba da aiki a jikinsa, tana ragi, har bakin ya tsuke a bayansa yadda ba zai fita ba. Sirrin kyawun yana ga jan zare: rigar ta ɗan yi wa dutsen kaɗan, yadda idan ta miƙe zanen zai buɗe, launin dutsen ya leƙo ta hudojin.

Ɗaliban lissafi su lura da wani abu a nan. Idan ana son saƙa mai zagaye ta kwanta lafiya kamar faifai, akan ƙara ɗauri 6 a kowane zagaye in gajeren ɗauri ne, ko 12 in dogo ne. Dalili shi ne tsawon kewayen da'ira ya ninka nisan tsakiyarta zuwa baki sau shida da 'yan kai, wato kimanin 6.28. In ƙarin ya gaza haka, saƙar za ta lanƙwashe ta zama kamar ƙoƙo, kuma da wannan ake kama dutse ko a fitar da hula. In ƙarin ya yi yawa, bakin zai yi tattara kamar ganyen latas. A shekarar 1997 wata malamar lissafi 'yar asalin Latbiya, Daina Taimina, ta yi amfani da wannan tattarar a Jami'ar Cornell ta Amurka wajen nuna wa ɗalibai wani nau'in shimfiɗa mai lanƙwasa da masana suka daɗe suna shan wahalar siffanta shi da abin da hannu zai taɓa. Ke nan yarinyar da ke zaune a tsakar gida a Dingaya tana gyara hular da ta ƙi kwanciya, lissafin da'ira take yi da yatsunta, ko da ba a taɓa faɗa mata sunansa ba.

Ita kanta saƙar kwarashi baƙuwa ce a wurinmu, kamar yadda sunanta ya nuna, domin asalinsa kalmar Faransanci ce mai nufin ƙaramar ƙugiya. A ƙarni na 19 ta bunƙasa a Turai. Lokacin da yunwa ta afka wa ƙasar Ayaland daga 1845, bayan cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, an riƙa koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi a yankunan Cork da Clones, ana fitar da kayan zuwa kasuwannin waje, kuma iyalai da yawa da wannan ɗan abin suka tsira. Sana'ar da wasu ke kallo a matsayin wasan masu ƙoshi, a cikin yunwa ta yi suna. Akwai kuma wata fa'ida da ya kamata kowace mai kwarashi ta sani: injuna sun daɗe da ƙwace saƙar tufafi da ta safa da rigunan sanyi, amma har yau saƙar kwarashi ta ainihi da hannu ake yinta, abin da inji ke fitarwa kwaikwayo ne kawai. A zamanin da masana'antu suka karya masaƙa da marina, wannan ba ƙaramar garkuwa ba ce.

To, mu ma ai ba baƙin yi wa kaya sutura ba ne. Malami yana da gafakar da yake adana Alƙur'ani, wuƙa tana da kube, doki yana da kayan adonsa. Iyayenmu mata sun san ragaya, wadda ake tufkawa da igiya a rataya ƙwarya ko akushi a ciki don tsare abinci daga kyanwa da kiyashi, kuma duk wanda ya dubi yadda igiyoyin ragaya suke rungume ƙwarya zai ga dabarar ba ta da nisa da ta rigar dutse. Ga faifai da ake saƙawa da kaba a rina shi launi-launi, shi ma daga tsakiya ake faro shi ana zagayawa. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 da 1990 za su tuna ɗakin amarya da ba ya cika sai da saƙaƙƙen mayafin rediyo da na talabijin da na kujera, da ɗan murfin kofi mai duwatsu a baki. Hasali ma harshenmu ya riga ya haɗa dutse da ado: abin wuyan mace dutse muke ce masa, muna da tsakiya, muna da lantana, jan dutsen da fatake Hausawa suka riƙa kaiwa Ilori ana gogewa ana hudawa, har ya zama sunan da ake kiran 'ya'ya mata da shi.

Ta fuskar dutse kuwa, kudancin Jigawa ba ya buƙatar aro. Sunan babban birnin jihar da aka ƙirƙira a 1991 Dutse ne, a Gwaram ma akwai Farin Dutse. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana shanu a jikin kogo, shanu marasa tozo waɗanda suka bambanta da farfarun da muke kiwo yau. A can ne a 1955 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya ci karo da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su, ya kuma rubuta cewa amare da ƙawayensu kan je wurin lokacin biki. Yau wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da cibiyar bayanin zanen duwatsu a garin. A cikin gida kuma mace da dutse tsofaffin abokan zama ne: ga dutsen niƙa, ga duwatsun murhu, ga na goge kaushi, ga tsakuwar da 'yan mata ke 'yar carafke da ita.

Duk da haka, zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa masu ɗokin sabon abu daɗi ba: idan aka kwaso wannan sana'a yadda take aka dire ta a Dingaya, zaren ba kalar yadin ba ne. Dalili na farko, a ƙasar Hausa dutsen da aka nannaɗe da zare yana da wata fassara. Duk matar da ta share ɗaki ta tsinci irin wannan abu a ƙarƙashin gado ko bayan randa, ba ado ne zai fara zuwa mata a rai ba. A gidan da ake zaman kishi, ƙaramin dutse mai jar riga yana iya tayar da fitinar da za ta kai gaban mai unguwa, ya jawo wa wadda ta saƙa shi sunan da ba zai goge ba. Wanda ya zauna a gidan yawa ya san ba raha nake yi ba. Saboda haka duk abin da za a saƙa a wannan fanni dole amfaninsa ya fito fili, zaren ya kasance fari ko shuɗi, dutsen ya riƙa leƙowa ta ko'ina, kuma a ajiye shi a sarari inda kowa ke gani.

Dalili na biyu ya shafi ibada. Dutse guda da ake girmamawa a ɗakunan tsofaffi da marasa lafiya shi ne na taimama, kuma shi ne wanda yarinya mai son faranta wa kakarta za ta fara tunanin yi wa riga. Littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure, irin su Ahalari, sun lissafa dutse cikin abubuwan da ake taimama da su, sun kuma fitar da tabarma da itace da ciyawa. Idan zare ya shiga tsakanin tafin hannu da dutse, an ɓata abin da ake son gyarawa. Abin da ya dace da wannan dutse shi ne 'yar jaka mai zuge ko igiya, wadda za ta tsare shi daga ƙazanta, a fito da shi idan za a yi amfani da shi. Wannan kuwa haja ce da ke da masu saye a kowane gari, har da masu jinya a asibiti da matafiya.

Dalili na uku shi ne kasuwa. Mutumin da ke zuwa kasuwar Sara da kuɗin da ya sayar da buhun gero ko ɗan akuya, taki da magani da kuɗin makaranta ne a gabansa. Ba zai sayi abin danne takarda ba. Dutse kuma yana da nauyi, kuɗin motar da za a kai shi Kano ko Abuja yana iya cinye ribar.

Abin ɗauka a wannan sana'a yana wani wuri dabam, wato yadda masu yinta suke sa wa aikinsu farashi. Mai saƙa a can ta san dutsen kyauta ne, zaren kaɗan ne, don haka abin da take sayarwa shi ne lokacinta da idonta da tsabtar aikinta, kuma ba ta jin kunyar faɗin haka. A wurinmu lissafin a juye yake. Na taɓa zama kusa da wata gwaggona, gwanar kwarashi, lokacin da wata mata ta zo karɓar hula da safa da rigar jariri na suna. Tambayar farko da matar ta yi ita ce: "Yaya, zaren nawa ya ci?" Da aka faɗa mata, sai ta ɗora 'yan canji a kai ta ce, "Ga na sabulu." Gwaggo ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya har da rakiya. Da na tambaye ta daga baya kwana nawa aikin ya ɗauke ta, sai ta ce, "Ɗan nan, ai a zaune nake, me na yi?" Wannan kalma ta "a zaune nake" ita ce ta cinye gumin matan karkara shekara da shekaru. Ciwon baya da raunin ido da daren da aka raba ana aiki da fitilar waya, duk ba sa shiga cikin kuɗi.

Ba yau matan Hausawa suka fara riƙe tattalin arziki daga cikin ɗaki ba. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin birnin suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma zaren da aka saƙa tufafin nan mata ne suka kaɗa shi da mazari a ƙauyuka. A 1969 Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta bayyana cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida a matsayin wata ɓoyayyiyar kasuwa mai girman gaske. Abin da ya sauya shi ne zaren ya bar hannunmu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da 'yan'uwanta da suka biyo baya sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007. Yau abin da muke kira ulu galibinsa zaren roba ne da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, kuma farashinsa yana bin tashin dala. Ga gwanjo a gefe yana zubar da rigunan sanyi a araha. Mai kwarashi tana tsakanin tsadar zare da arahar gwanjo, idan ta ce za ta yi gasa da su ta fuskar farashi, ƙwai ne ya ja da dutse.

A nan ne ƙananan kaya masu cin zare kaɗan da neman gwaninta da yawa suke da amfani. Dunƙulen da hula ɗaya za ta cinye yana iya fitar da ƙananan abubuwa da dama: jakar carbi, rigar waya, maɗaurin makulli, jakar dutsen taimama, murfin kofi, ko ragar da za a sa wa ƙaramin kasko ko gora. Shi kansa dutse mai riga yana da gurbinsa idan an san inda za a kai shi: teburin ma'aikaci a Dutse, ofishin shugaban makaranta, shagunan tsaraba na Kasuwar Kurmi, da hannun ɗalibai da baƙin da ke ziyartar duwatsun Birnin Kudu. Baƙon da ya je ya ga shanun da aka zana tun zamanin da ba a san tozo ba, me zai saya ya koma da shi gida? Da za a samu dutse mai santsi da aka yi wa rigar farin zaren auduga, ko wanda aka tsoma a baba ya yi shuɗi irin na marinar Ƙofar Mata, a haɗa da 'yar takarda mai bayanin wurin da sunan ƙungiyar matan da suka saƙa, da an samu tsarabar da ba za a same ta a wani gari ba. Sharaɗi guda ne, kuma ba na sassauci ba: kada a ɗauki ko tsakuwa daga wuraren tarihin nan. Rafuka da gonaki sun wadatar. Ya ishe su abin da suke gani daga masu fasa dutse da masu rubuta sunayensu a jikin kogo.

Tun daga shirin kyautata rayuwar matan karkara da marigayiya Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, kusan kowace gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyar da mata sana'a, an yaye ɗalibai, an raba kayan aiki, an ɗauki hoto. Abin da na lura ana yawan tsallakewa shi ne darasin lissafi da na kasuwa. Ina kira ga masu kula da irin waɗannan cibiyoyi a Gwaram da Birnin Kudu da su ware sati guda cikin kowane horo a koya wa mace ta rubuta abu huɗu kafin ta faɗi farashi: kuɗin zare, awannin da ta yi, kuɗin kai kaya, da ribar da za ta ajiye. A koya mata gamawa mai tsabta, yadda ba za a ga bakin zare yana reto ba, da maimaita girma ɗaya sau goma ba tare da saɓani ba, domin mai shago a birni ba zai karɓi dozin ɗin da kowane ɗaya da kamarsa ba.

Su ma matan akwai nasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Adashin da ake zubawa don biki yana iya zama jarin sayen zare a sari daga Kano, maimakon kowa ta saya ɗai-ɗai a hannun mai koli. Idan mata goma na unguwa ɗaya suka tsayar da farashi guda, mai taya wa a wulaƙance ba ta da ƙofar da za ta koma. Ɗalibanmu kuma da ke manyan makarantu a Dutse da Kano, waɗanda yawancinsu da kuɗin faifai da ƙuli-ƙuli da kwarashi aka saya musu littafin farko, su ne ya kamata su ɗauki hoton kayan a wuri mai haske, su tallata a WhatsApp da Facebook, su karɓi oda su kai. Wannan talla ta fi wadda ake ɗora wa yarinya 'yar shekara tara a ka, ana hana ta aji.

Magidanta ma kada su zame. Mutumin da ba zai yarda ya yi wa wani noma yini guda a ba shi "na sabulu" ba, bai kamata ya zuba ido ana yi wa matarsa ko ƙanwarsa haka ba. Mu kuma masu saye, musamman mu da muke ɗaukar albashi, mu ji tsoron Allah a wajen tayi. Mukan biya abin da aka rubuta a manyan kantuna ba tare da musu ba, amma mu tsaya muna ja-in-ja da tsohuwa a kan aikin da ya ci mata ido. Idan wata a Kanada ta iya sa mutane su biya ladan awannin da ta yi a kan tsakuwar bakin ruwa, babu dalilin da zai sa mai saƙa hular da ke tsare kan jariri daga hunturun Janairu ta ci gaba da cewa a zaune take. Allah ya sa wa sana'o'in matanmu albarka, ya ba mu ikon biyan kowane mai aiki haƙƙinsa.